Bindigata mai harsashi ɗaya ta daina saiti, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ina fita farautar barewa da bindiga mai karyewa, irin mai ɗaukar harsashi ɗaya, ƙirar .243 (lambar kaurin harsashinta). Kwanan nan in na gwada ta a yadi 100, harsasan sai su watse kusan inci 6, wani sama wani ƙasa. Na sayi sabon madubin saiti, babu abin da ya canza. Bututun ne ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi wa bututun jana'iza tukuna. Bindigar farauta ba ta shan harbin da zai cinye bututu da wuri, kuma ka riga ka ba ni bakin zaren da ka ce sama da ƙasa ramukan harsashin suke jeruwa a kwalin gwaji. A bindiga mai karyewa, wannan yakan nuna wuri biyu: sakatar da ke kulle ta, da katakon gaba.

Cire harsashi, ka buɗe ta, ka duba inda sakata take kama bututu. Na sha ganin wurin yana naso da mai, don mai ita yana ganin gata yake yi mata. Mai a nan ɓarna ne, domin sakatar ba za ta zauna wuri guda a kowane rufi ba, kuma ɗan motsin da bai kai kaurin gashi ba a gindi, kafin yadi 100 ya zama inci. Goge wurin ya bushe ƙarau, man ka bar wa gaɓar da take lanƙwasawa. Sannan ka riƙa rufe ta da ƙarfi iri ɗaya, ba yau a hankali gobe garam ba. In bayan ta rufu kana jin tana girgiɗi, ajiye ta ka kai wa maƙerin bindiga mai lasisi, wannan ya wuce gyaran gida.

Katakon gaba kuwa a jikin bututu yake ɗaure, saboda haka duk abin da ya danne shi ya danni bututu. In ka ɗora ƙarshensa a kan buhun yashi, harbi na gaba kuma ka ɗora tsakiya, to kamar bindiga biyu ka gwada. Ka jawo buhun kusa da gaɓa, ka manna ɗan salatif a wurin don kada ka manta. Sukurun katakon ma a ɗaure shi daidai, kada a murɗe shi har katako ya yi ƙara.

Madubi ka canza, amma ka taɓa ƙarfen da yake zaune a kai? Sukurorinsa suna ɓoye ƙarƙashin madubin, shi ya sa ake mantawa da su.

In ramukan ba jeruwa suke ba, watsewa suke ko'ina, leƙa bakin bututu da haske. Ɗan tsaguwa a leɓensa, irin wadda ake samu in an jingina bindiga a kan dutse ko ƙasan mota, tana sa iskar albarushi ta fita ta gefe guda ta ture harsashi. Jan ƙarfen da harsashi ke barwa a ciki ma yana taruwa, sai an wanke da maganinsa. Ramin da ya fito dogo maimakon zagaye kuma, harsashin ya yi wa murɗin bututun tsawo, wato layukan da aka sassaƙa a cikinsa masu sa harsashi juyawa: yawancin .243 murɗinsu zagaye ɗaya ne a inci 10, wanda ya fi jituwa da harsashi mai nauyin giren 100 zuwa ƙasa (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi).

Saura kai, kuma kada ka ji haushi. Kunamar irin waɗannan bindigogi takan yi tauri, mutum ya fizge ta bai sani ba. Ka ba abokinka ita ya riƙa ɗura maka, wani lokaci harsashi, wani lokaci na bogi da ake sayarwa don atisaye. In ka ja a kan na bogi ka ga bakin bindiga ya sunkuya, ka kama ɓarawo.

Wajen gwaji, harba uku, ka jira bututu ya huce har ka iya riƙe shi, kuma abu ɗaya za ka canza kafin ukun gaba. In ta haɗa su cikin inci 2 a yadi 100, ta ishe ka barewa. Ka aiko mini da hoton kwalin mu gani.