Guntayen RNA da aka gyara za su iya maganin cutar firiyon?

Tambaya: Malam, na karanta cewa masana na gyara wasu guntayen RNA don yaƙar ciwon haukar shanu da irinsa na mutane. Yaya abin yake, kuma an samu magani?

Amsa: Magani dai tukuna. Har yau babu abin da ke tsayar da cutar Creutzfeldt-Jakob, wato irin ta mutanen, wadda ke kama mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara.

Firiyon, mai haddasa waɗannan cututtuka, ba ƙwayar cuta ba ce. Furotin ne na jiki mai suna PrP da ya naɗe a karkace, sai ya riƙa karkatar da lafiyayyun 'yan'uwansa har ƙwaƙwalwa ta huhhuje kamar soso. Guntayen da ka karanta labarinsu kuwa sunansu aftama: gajeren zaren RNA ne ko DNA da ke naɗewa ya cafke furotin ɗaya tak. Da wata dabara ta 1990 mai suna SELEX ake tace shi daga tiriliyoyin zaruruwa. Idan ya riƙe PrP mai lafiya, karkataccen ba zai sami wurin kama shi ba.

Matsalar ita ce ɗanyen RNA ba ya jure jini, cikin mintuna enzayim, wato sinadaran jiki masu narkar da abubuwa, ke daddatsa shi. Shi ya sa ake cire ɓangaren OH (oksijin da haidurojin) da ke matsayi na 2' a sukarinsa, a sa fulorin ko amino. A kan toshe bakin 3' da juyayyen timidin (ɗaya daga tubalan DNA), a kuma rataya masa wani dogon sinadari mai nauyi da ake kira PEG don kada ƙoda ta zubar da shi cikin fitsari. Haka aka yi wa aftamar pegaptanib, maganin ido da Amurka ta amince da shi a 2004. A fannin firiyon, aftamar DP7 mai amino ta rage karkataccen furotin a ƙwayoyin halittar da ake reno a ɗakin gwaji a 2002, aftamar SAF-93 mai fulorin kuma ta hana karkacewar furotin a kwalbar gwaji a 2003.

Sai dai kowane gyara da tsadarsa. Wanda aka yi bayan tacewa kan sauya naɗin zaren, riƙon ya saki. PEG ma yakan tayar da borin jini a wasu mutane. Babban cikas kuma shi ne shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa: aftama babba ce, ga cajin lantarki, ba ta ƙetarewa. Dole sai allura cikin ruwan laka, alhali mafi yawan masu cutar kan rasu cikin shekara guda da fara alamu.

Cikin waɗanda suka kai ga gwaji a jikin mutane akwai ION717 na kamfanin Ionis. Shi ba aftama ba ne, rage yawan PrP da jiki ke ƙerawa yake yi.