Shimfiɗar Kwanan Daji ga Mai Tafiya Farauta a Kan Doki

Tambaya: Ni da abokaina muna shirin fita farauta a kan dawaki cikin watan Janairu, kuma za mu yi kwana uku a daji. Na ga jakunkunan barci irin na Turawa a kasuwar gwanjo. Shin in sayi ɗaya, ko bargona na gida ya wadatar? Daga wani mai karatu a jihar Katsina.

Amsa: Malam, kafin a zo ga abin rufa, ya kamata ka fara tunanin abin da za ka kwanta a kansa, domin a daren hunturu ƙasa ce take zuƙe ɗumin jikin mutum fiye da iska. A ƙasar Hausa sanyin asuba na watan Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 12, a fili kuwa ya fi haka cizo. Duk kaurin jakar barci, ɓangaren da ke ƙarƙashinka nauyin jikinka yana danne shi, iskar da ke riƙe ɗumi a cikinsa ta fice, shi ya sa mutum yakan farka da ƙarfe uku na dare bayansa da ɗumi amma kwiɓinsa ya daskare. Saboda haka ka shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri, ka ɗora siririyar katifar soso mai naɗuwa, ko kuma buzun rago mai gashi. A ganina buzu ya fi katifar da ake hura wa iska dacewa da dajinmu, inda ƙayar aduwa ko ta bagaruwa guda ɗaya ta isa ta huda ta.

Game da jakar kanta, idan ka same ta da sauƙin kuɗi, ka saya, amma ka bincika da kyau. Masu inganci sukan zo da lambobin sanyi guda uku a jikinsu, kuma wadda za ka yi aiki da ita ita ce mafi girma, domin ita ke nuna sanyin da za a iya yin barci cikinsa a natse; mafi ƙanƙantar tana nufin iyakar da mutum zai tsira da ransa ne kawai. Wadda babbar lambarta take kusa da digiri 5 ta ishe ka. Ka ɗaga ta ga hasken rana, in ka ga wuraren da abin cikinta ya dunƙule haske na ratsawa, ta riga ta mutu. Mai cike da gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, sai dai da zarar ta jiƙe amfaninta ya ƙare, alhali mai zaren roba tana jure laima. Dukkansu biyu tartsatsin wuta yana narka rigarsu, don haka wanda ya saba kwana dab da wuta, bargon ulu ya fi masa.

Sai kuma haƙƙin dokin, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada doki ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, har da mahayi da sirdi, wato kilo 70 ga doki mai kilo 350. Ka ga kai da sirdinka kun kusa cinye wannan adadi, don haka in da hali ku tafi da jaki ya ɗauki kayan kwana a mangala. In babu, ka naɗe shimfiɗarka siririya, ka ɗaure ta tamau a bayan sirdi yadda ba za ta rinjaya gefe ɗaya ko ta riƙa dukan ƙugun dokin ba. Kada kuma ka kwanta a kan abin da ake sa wa dokin ƙarƙashin sirdi. Ka shanya shi ya bushe, domin mayar da shi a jiƙe yana jawo miki a baya.

Ku zaɓi tudu-tudun wuri, ku guji gindin fadama inda sanyi da sauro suke taruwa, ku nisanci suri da tarin duwatsu, kuma ku kafa turke nesa da inda ƙafar doki za ta iya kaiwa gare ku. Ka tafi da gidan sauro, ka cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa saboda kunama da kububuwa, sannan ka kakkaɓe takalminka da safe kafin ka zura ƙafa.