Zan tafi Meksiko, ko Sifaniyancin waya zai fisshe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatu a birnin Meksiko, saura wata biyu in tafi. Ɗan Sifaniyancin da na iya a manhajar waya na koye shi. An ce mini kalmomin can daban suke, har mutum ya zagi babba bai sani ba. Hankalina ya tashi. Me zan kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai ka lafiya. Maganar zagi da sauƙi. Ka ajiye coger. A Sifen "ɗauka" take nufi, a Meksiko batsa ce, sai ka ce tomar ko agarrar. Güey, kamar "mutumina", ta tsakanin abokai ce, kada ka jefa wa malaminka. In babba ya kira ka ko ba ka ji abin da aka ce ba, ¿mande? ta fi ¿qué? ladabi. Ahorita kuwa, ko da ƙamus ya ce "yanzun nan", tana iya kaiwa gobe, kamar dai "ina zuwa" tamu.

Abin da ya fi damuna ba ka tambaya ba, shi ne abin da za ka sa a bakinka. Kusan duk ɗalibin da ya zo wurina sai ya ce manteca man shanu ne, wai haka ya gani a bidiyon wani mai koyarwa a TikTok. A Ajantina haka ne. A Meksiko man shanu mantequilla ne, manteca kuwa kitsen alade ne, sai in an rubuta vegetal, wato na tsirrai. Da shi ake soya waken nan frijoles refritos a wurare da yawa, da shi ake kwaɓa tamales, wato ƙullin masara da ake turarawa kamar alala, har tortilla ta fulawa, wato gurasarsu, ana sa mata. Ka ga wake a faranti, babu tsoka ko ɗaya, ka yi bismilla ka ci alade. Wallahi abin yana ƙona mini rai, mutum bai san bambancin ƙasa da ƙasa ba ya ɗaura rawanin malanta.

Sunaye ma suna yaudara. Al pastor ma'anarta "irin na makiyayi", naman yana juyawa a tsinke kamar shawarma, asalinsa ma daga 'yan Labanan da suka yi ƙaura can ne. To alade ne. Tacos árabes na birnin Puebla, wato nama naɗe a gurasa, duk da sunan Larabawa, galibi alade ne. Haka carnitas, chicharrón, cochinita pibil, chorizo, tocino. Kuma cewa sin carne, wato "ban da nama", kawai ba ta isa ba, don mai abinci yana iya fahimtar naman sa kake gudu, ya kawo maka da jamón, wato naman cinyar alade, a ciki da zuciya ɗaya.

Ka haddace wannan kamar sunanka: No como puerco, ni jamón, ni manteca, wato "ba na cin alade, ko jamón, ko manteca". Kafin a zuba maka ka tambaya: ¿Lleva manteca?, wato "akwai manteca a ciki?" Res naman sa ne, borrego rago, chivo akuya, pollo kaza, pescado kifi. Batun yanka kuma daban ne, ka nemi musulmin birnin tun makon farko su nuna maka mahaucinsu. Kada kunya ta hana ka tambaya a gaban mai tacos ko da layi ya yi tsawo a bayanka; ka ce por favor, wato "don Allah", ka jira amsa kafin ka miƙa kuɗi.