Za a haɗe filayen jirgin sama: in sayi fili ko in sayi mota?

Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan gyaran injina ya turo mini tambaya. Ya ce gwamnati ta sanar da cewa za ta rufe ƙananan filayen jirgin sama uku na yankinsu, ta mayar da komai babban fili guda, ta kuma zuba kuɗi a harkar jigilar kaya. Filin da yake karɓar kayansa yana cikin waɗanda za a rufe. Yana da ɗan jarin da ya tara, kuma dillalai sun dame shi ya sayi fili kusa da babban, ya gina sito kafin farashi ya tashi. Shi kuwa zuciyarsa ta fi karkata ga sayen motar dakon kaya. Wanne zai yi?

Alhaji, kada ka sayi filin nan yanzu. Bari in faɗa maka dalili, sannan mu dawo kan motar.

Ita kanta shawarar haɗewar ba wauta ba ce. Filin jirgi yana cin kuɗi ko jirgi ya sauka ko bai sauka ba: 'yan kwana-kwana, hasumiyar ba da umarni, fitilun titin sauka, jami'an tsaro da na kwastan, duk sai an biya. Fili uku masu karɓar jirgi biyu-biyu a rana asara uku ce. Idan aka tara fasinjojin wuri ɗaya, kamfanonin jirage sukan ƙara yawan tashi, su kawo manyan jirage, kuma a nan ribarka take, domin kafin annobar korona kusan rabin kayan da ake ɗauka ta sama a cikin jiragen fasinja suke tafiya, a ƙarƙashin kujerun mutane. Inda jirage suka yawaita, wurin zuba kaya yakan yawaita, kuɗin kilo ya sauko.

Amma gina fili daban, zuwan jirage daban. A Sifaniya an kashe kimanin Yuro biliyan ɗaya a filin Ciudad Real, aka buɗe shi a 2008, aka rufe a 2012 saboda babu masu sauka. Na Castellón an yi bikin buɗe shi a 2011, amma jirgin fasinja na haya bai fara zirga-zirga a can ba sai 2015. Ko Jamus, da ake yi wa kallon masu cika alkawari, ta shirya buɗe sabon filin Balin a 2011 don ya maye gurbin tsofaffin filayen birnin, sai ga shi ba a buɗe ba sai ƙarshen Oktoban 2020. Ka ƙaddara mutumin da ya ci bashin banki ya gina sito a bakin wannan fili yana jiran 2011. Shekara tara yana biyan ruwa, sito babu ko kwali. Dillalin da ya sayar masa kuwa tuni ya karɓi la'adarsa ya yi gaba. Ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan randa.

To me ke sa filin kaya ya rayu? Dubi waɗanda suka yi nasara. Kamfanin dakon kaya na FedEx ya fara aiki a Memfis ta Amurka a 1973 da ƙananan jirage 14, ya zaɓi garin ne saboda yana tsakiyar ƙasar kuma yanayi ba kasafai yake hana sauka ba. Takwaransa DHL ya kwashe babbar cibiyarsa ta Turai daga Brasels ta Beljiyam ya koma Laifzig ta Jamus a 2008, babban dalili shi ne izinin tashi da sauka cikin dare, wanda ya gagara faɗaɗa a Brasels. Ka lura, a duka biyun kamfanin dakon kaya ne ya zo da nasa jiragen da nasa kayan, ya sa hannu a yarjejeniya ta shekaru. Wannan ita ce alamar da za ka jira. Jawabin minista da hoton zanen gini ba su kai sa hannun kamfani guda mai jirage ba.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa da yawa ba sa sa shi a lissafi. Kaya ba ya daɗewa a sama. Awoyi ne. Kwanakin a ƙasa suke tafiya, wajen sauke kaya, tantance takardu, duban kwastan, jiran mota. Don haka idan sabon filin ya yi maka nisan awa huɗu a mota amma kwastan na can suna aiki dare da rana, suna karɓar takardu ta intanet tun kaya bai iso ba, za ka iya samun kayanka da wuri fiye da yadda kake samu yanzu a filin da ke bayan gidanka. Idan kuwa an gina babban zaure ne kawai aka bar tsohon aiki yadda yake, nisa ya ƙaru, cunkoso ya ƙaru, kuɗin ajiya yana hawa kanka kullum. Ka ɗauko takardun kayanka goma na baya, ka rubuta ranar da kowane ya bar hannun mai sayarwa da ranar da ya shiga shagonka, da duk abin da ka biya a tsakani. Da wannan za ka auna sabon tsarin in ya fara.

Ka sake duba ma ko duk kayanka sun cancanci jirgi. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, takan ce abin da ake ɗauka ta sama bai kai kashi 1 cikin 100 na yawan kayan cinikin duniya ba, amma ya kai kusan kashi 35 na darajarsu. Wato jirgi na abu mai tsada ne, ko mai saurin lalacewa, ko wanda rashinsa zai tsayar da masana'anta. Kuma ba nauyi kaɗai ake cajin ka ba, har da girma. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 za a lissafa shi kilo 20 ko da kilo 8 ne a sikeli. Na sha ganin wanda ya rage kuɗin dako da gyara ɗauri kawai.

Yanzu motar. Tunaninka ya fi na dillalai kusa da gaskiya, domin ranar da aka rufe ƙaramin filin, duk 'yan kasuwar da ke karɓar kaya a can za su buƙaci mai ɗauko musu daga babban. Manyan kamfanonin jirage ma haka suke yi a Turai, kaya yana tafiya a tirela tsakanin filaye da lambar jirgi a takardarsa. Sai dai mota tana da riba ne in ta je da kaya ta dawo da kaya. Kafin ka saya, ka zagaya abokan sana'arka, ka ji mutum nawa za su ba ka kayansu kowane mako, ka nemo masu fitar da kaya da za su cika maka ita a tafiya. Ka fara da motar haya na wata shida. In lissafi ya fita, ka saya, kuma ko harkar filin ta wargaje mota tana da wani aikin, tana kuma sayuwa.

Sito ma ka kama haya tukuna, shekara ɗaya mai yiwuwar sabuntawa. Ka kuma bincika me za a yi da filin da za a rufe. Na Mirabel a Kanada ya daina karɓar fasinja a 2004, amma jiragen kaya suna sauka har yanzu, kuma ana haɗa jirage a gefensa. In naku ma za a bar shi ga kaya ne, wataƙila siton da kake nema yana nan kusa da inda kake, a kan farashin da dillalai ba su waiwaya ba tukuna.