Motar Alfarma Mai Amfani da Lantarki: Me Mutum Yake Saya da Kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina hawan manyan motocin Jamus masu shan fetur, yanzu kuma 'ya'yana sun matsa mini in koma ta lantarki, irin su Tesla da Mercedes EQS. Ban da rashin shan mai, da me suka fi wadda nake hawa? Kuma za su yi wa mazaunin Kano amfani? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ranar da ka fara zama a cikin irin wannan mota, abin da zai ba ka mamaki shi ne shirunta. Za ka kunna ta, fitilun gabanka su kawo, amma ba rugugi, ba karkarwar sitiyari, har sai ka tambayi na kusa da kai ko ta tashi. Injin fetur wuta ce ke ta fashewa a cikinsa sau dubbai a minti guda, kuma sama da shekara ɗari ke nan masu ƙera motocin alfarma suna kashe maƙudan kuɗi don ɓoye wa mai mota wannan ƙara. Injin lantarki kuwa juyawa kawai yake yi. Tun a 1900 Charles Rolls ya yabi motar lantarki da tsabta da rashin ƙara, ya ce za ta yi amfani sosai idan aka samu wuraren caji. Sai a 2023 kamfanin da ke ɗauke da sunansa, Rolls-Royce, ya fara miƙa wa masu saye tasa, wato Spectre.

Da inji ya yi shiru, sai ƙarar taya da ta iska suka fito fili, kuma a nan ne mai tsada take nuna bambancinta da mai araha. Ana sa mata gilashi mai ninki biyu, a liƙa soso a cikin tayoyi, a sassaƙa jikinta yadda iska za ta zame ta wuce. Shi ya sa EQS ta fito a dunƙule, gabanta da bayanta a sulɓe, siffar da wasu masoya Marsandi ba su so ba. Shirun ya kai har a Turai doka ta tilasta a sa wa motocin wata ƙara da ke fita idan suna tafiya a hankali, don masu tafiya a ƙafa su ji zuwansu. A ganina wannan natsuwa ita ce ainihin abin da ake saya.

Sai ƙarfi. Motarka ta yanzu idan ka taka totur sai ta sauko da giya, injin ya yi kuka, sannan ta zabura. Ta lantarki tana ba da ƙarfinta nan take, kuma yawancinsu giya ɗaya gare su. Tesla Model S Plaid, mai ƙarfin doki sama da 1,000, tana kai kilomita 100 a awa daga tsaye cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai. Ba wanda yake buƙatar haka a titin gari, amma wajen wuce tirela a hanya mai hannu biyu za ka ga amfaninsa, don ba ka daɗewa a hannun masu tahowa. Batirin kuma shimfiɗe yake a ƙasan mota, nauyin yana ƙasa, ba ta karkacewa a kwana. Da ka ɗaga ƙafa daga totur, injin ya koma janareta, ya rage gudu yana mayar da wuta cikin batir, birki ya daɗe bai cinye ba.

Kayan ƙawa ma akwai su. EQS tana da gilashin allo mai faɗin santimita 141 daga wannan ƙofa zuwa waccan, BMW i7 kuma tana sauko wa na kujerar baya da talabijin mai inci 31 daga rufi. Ana sabunta manhajar mota ta intanet tana ajiye a gida. Ni dai ba na ba su muhimmanci sosai, kuma ba na son yadda ake cusa maɓallan esi cikin allo, direba ya riƙa ɗauke ido daga hanya.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Lucid Air, wadda asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya ke da kaso mafi girma a kamfaninta, ta samu shaidar tafiyar mil 520 a gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, kusan kilomita 837 da caji ɗaya. Porsche Taycan ta 2019 tana tashi daga kashi 5 zuwa 80 cikin kusan minti 23, amma fa a babbar tashar caji mai ƙarfin gaske. Gudu da esi da zafin rana duk suna rage waɗannan alƙaluma. Batirin irin waɗannan motoci yana ɗaukar wajen kilowat-awa 100, wato yunit 100 na mitar gidanka. Cajar bango mai kilowat 7 za ta kai awa 14 zuwa 15 kafin ta cika shi, soket ɗin ɗaki kuwa kwanaki zai ɗauka. Sai dai ba kullum ake cika shi daga ƙasa ba. Motar tana cin kamar yunit 20 a kilomita 100, don haka mai yin kilomita 50 a gari yunit 10 yake buƙata a rana, kuma sola mai ƙarfi za ta iya wannan. Tafiyar Abuja, mai sama da kilomita 400, ita ce sai ka san inda za ka yi caji kafin ka bar gida.

Ka kuma tuna da nauyi. EQS ta kai tan biyu da rabi, Spectre ta kusa uku, taya na saurin cinyewa. Ƙasanta ma kusa yake da titi, kuma batirin, wanda shi ne mafi tsada a jikinta, can yake. Rami ɗaya ko tudun rage gudu na iya jawo babbar asara, shi ya sa jif irin BMW iX ko EQS SUV ta fi dacewa da hanyoyinmu. Zafi yana tsufar da batir, sai a riƙa ajiye ta a inuwa, a tsayar da cajin yau da kullum a kashi 80. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, amma wayoyinta na ɗauke da wutar bolt 400 zuwa 800, wadda ke kisa nan take. Don Allah kada a bar bakaniken da bai koyi aikinta ba ya taɓa su.

Shawarata, Alhaji, idan kana da tsayayyiyar wuta ko sola a gida, ka saye ta don zirga-zirgar gari, ka bar ta fetur don dogon zango. Farashinsu na faɗuwa da sauri, don haka 'yar Beljiyam za ta zo da sauƙi, amma ka nemi rahoton lafiyar batirin a rubuce. Garantin batir galibi shekara 8 ne ko kilomita 160,000, ka tambaya ko zai biyo motar zuwa Najeriya. Ka kuma duba bakin cajinta, domin na Amurka da na Turai da na Sin ba iri ɗaya ba ne, a sayo cajar da ta dace tare da motar.