Kamuge na Gukuni ne ko na Habre?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Musu ne ya haɗa ni da kawuna a teburin mai shayi. Shi ya dage cewa Janar Abdelkader Kamuge mutumin Hisen Habre ne a yaƙin basasar Cadi, ni kuwa na ji an ce da Gukuni Wadai ya tsaya. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗan tireda a Kuseri, garin Kamaru da ke tsallaken kogi daga Njamena.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. In maganar fagen daga ake yi, kai ne da gaskiya. Amma kada ka yi saurin yi wa kawu dariya, shi ma yana da madafa.

Kamuge ɗan kudu ne, sojan gwamnati, kuma yana cikin hafsoshin da suka kifar da Shugaba Tombalbay a Afrilun 1975. Janar Malum, wanda ya karɓi mulki, ya ba shi ministan harkokin waje. Ranar 12 ga Fabrairun 1979 wuta ta tashi a Njamena tsakanin sojojin Malum da mayaƙan FAN, wato rundunar arewa ta Habre, wanda a lokacin shi ne firaminista. Kamuge ke riƙe da jandarmomi, kuma da Habre ya gwabza. Da Malum ya sauka bayan taron Kano a watan Maris, sai Kamuge ya kwashi ragowar sojojin ya nufi kudu, ya kafa sansani a Mundu, wuƙa da nama suka koma hannunsa. Lokacin ma bai kai janar ba.

Yarjejeniyar Legas ta Agustan 1979 ce ta haifi gwamnatin haɗin kai, GUNT: Gukuni shugaba, Kamuge mataimaki, Habre ministan tsaro. Zaman doya da manja suka yi. A Maris na 1980 faɗa ya sake ɓarkewa, Kamuge ya mara wa Gukuni baya. Wannan shi ne yaƙin da ya cika garinku da 'yan gudun hijira. Mu ma da kwalekwale muka tsallako, mahaifiyata ta ɗaura keken ɗinkinta a ka, ta ƙi yarda kowa ya karɓe ta. Sai a Disamba, da taimakon sojojin Gaddafi, aka fitar da Habre daga birnin.

A ganina ba son Gukuni ya kai Kamuge can ba. Kudu yake karewa, kuma Habre ne ya fi tsorata shi. Tsoron kuwa ya tabbata, don Habre ya kama Njamena ranar 7 ga Yunin 1982, kafin ƙarshen shekarar ya ƙwace kudu, Kamuge ya bar ƙasar.

Ga madafar kawu: a 1987 Kamuge ya dawo gida suka shirya, har Habre ya ba shi ministan noma. Daga baya Kamuge ya kara da Idris Debi, wanda ya kifar da Habre, a zagaye na biyu na zaɓen 1996 ya sha kaye, ya shugabanci majalisar dokoki daga 1997, ya riƙe ma'aikatar tsaro a 2008. Ya rasu a 2011.