Saƙa, Ɗinki da Kayan Goyo: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambayoyi uku ne suka iso mini a kan batu guda, wato tanadin da mai juna biyu take yi da zare da allura kafin ta sauka, saboda haka na haɗa su wuri ɗaya.

Wata mai karatu daga Funtuwa ta rubuto cewa: "Malam, na aika wa ƙawata saƙo cewa na saka wa jariri hula da safa, sai ta kira ni tana ƙorafin na haihu ban sanar da ita ba, alhali cikina wata shida ne. Ina kuskuren yake? Kuma mene ne bambancin saƙa da ɗinki?"

Malama, ƙawarki ta karanta abin da kika rubuta daidai, kuskuren yana ga harafi ɗaya da kika bari babu ƙugiya. Wanda ya ce ya saka wa yaro hula, ya ɗora masa ita ne a ka, kuma ba a ɗora hula sai a kan da ya fito duniya. Abin da kika yi nufi shi ne kin saƙa, da ƙ mai lanƙwasa da wasali mai tsawo a gaɓar farko. Akwai ma ta uku, wadda muke ji a cikin "Allah ya saka da alheri", mai dogon wasali amma babu ƙugiya. Tun da rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ƙugiyar nan ita ce kaɗai ke raba saƙa da sauran biyun a kan takarda, kuma wanda ya yar da ita don gaggawar danna waya ya bar mai karatu da canki-canka.

Bambancin saƙa da ɗinki kuwa a bayyane yake ga masu sana'ar. Mai saƙa yana farawa ne da zare zalla, ya sarƙa shi har ya zama tufa. Mai ɗinki yana tarar da tufar a shirye, ya yanka, ya haɗa, ko ya yi mata ado da allura. Shi ya sa hular ulu ta jariri saƙa ce, amma hular manya da ake yi wa aikin zare a kan farin yadi ɗinkin hula muke ce mata, komai yawan zaren da ya rufe ta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda tsohuwar kalma ta karɓi sabuwar sana'a ba tare da gardama ba. Saƙar da kakanninmu suka sani ita ce ta masaƙa. A gurje auduga a cire angurya, a shiɓe ta, mata su kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa, sannan maza su saƙa sirarun ƙyallaye a masaƙarsu ta ƙoshiya, a jera su a ɗinke su zama zane ko riga. Mata kuma suna da tasu masaƙar ta tsaye a cikin gida, mai fitar da tufa mai faɗi irin gwado da majanyi. Da wannan saƙa da rini Kano ta yi suna, har Bajamushen nan mai yawon binciken ƙasashe, Heinrich Barth, da ya iso birnin a 1851, ya yi mamakin nisan da tufafinta suke kaiwa a fatauci. Da kwarashi da ulu suka shigo a zamanin Turawa, Bahaushe bai nemi sabon fi'ili ba, domin ya ga aikin ɗaya ne, zare ne ake mayarwa tufa. Sunayen kayan aikin kawai ya ara. Ulu da tela da suwaita daga Turanci suke. Kwarashi ma ta Turanci ta zo mana, amma asalinta Faransanci ne, inda take nufin 'yar ƙugiya. Allura da almakashi da aljihu sun girme su nesa ba kusa ba, daga Larabci suke, kuma "al" ɗin da ke farkonsu harafin ta'arifi ne na Larabci, wato mai nuna cewa abu sananne ne, da ya manne wa kalmar, kamar yadda ya manne a alƙalami da albasa. Mazari da masaƙa da abawa kuwa namu ne. Wanda ya jera waɗannan kalmomi zai ga tarihin sana'ar hawa-hawa.

Daga hannu kuma kalmar ta koma zuci. Mukan ce mutum ya kwana yana saƙa da warwara idan tunani ya hana shi barci, ya ƙulla wannan ya kwance wancan, kuma duk wadda ta taɓa yin kuskuren layi a suwaita ta warware aikin yini guda ta san inda maganar ta samo asali. Wanda ya ƙulla wa ɗan'uwansa sharri an ce ya yi masa saƙa da mugun zare. Ɗinki kuwa ya fi karkata ga gyara, shi ya sa ake ɗinke ɓaraka tsakanin waɗanda suka saɓa.

Tambaya ta biyu daga Maraɗi ta fito. Mai tambayar ta ce cikin fari ne gare ta, ta fara saƙa shawul da ɗinka 'yan riguna tun yana wata biyar, sai surukarta ta gani ta ce, "'Yar nan, kin riga malam masallaci." Da ta ba yayarta labari, ita kuma ta ce, "Rabu da zancen, ba a fafe gora ranar tafiya." Tana so ta san wace karin maganar ce ta dace da halin da take ciki.

'Yar'uwa, duka biyun Hausa ce ingantacciya, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba. Ta yayarki lokaci take aunawa. Gora ba ya zama abin zuba ruwa a rana ɗaya, sai an yanke bakinsa, an jiƙa shi, an ƙwaƙule cikinsa, an yi ta sauya masa ruwa har ɗacinsa ya fita. Matafiyin da ya bari sai ranar tafiya zai sha ruwa mai ɗaci ko ya tafi da ƙishirwa. Ta wannan fuska yayarki tana da gaskiya, domin bayan haihuwa akwai hidimar suna a rana ta bakwai, akwai wankan jego na kwana arba'in, ga shayarwa da rashin barci, kuma idan haihuwar ta faɗo cikin hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, jaririn yana bukatar hula da safa tun daren farko.

Ta surukarki kuwa mutane da yawa suna ɗaukarta a matsayin zargin gaggawa kawai, amma a ganina ta fi haka zurfi. Wanda ya riga malam masallaci bai yi laifin sammako ba, ya shiga gaban mai hurumin abin ne. A al'adar gidajenmu, musamman a cikin fari, tanadin kayan jariri ba na mai cikin ba ne. Idan ciki ya kai wajen wata bakwai akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, mahaifiyarta da gwaggonninta su ne za su tanadi zanen goyo da majanyi da tsofaffin zannuwa masu laushi da za a naɗe jariri, miji ya kawo kayan fitar suna, 'yan'uwa da maƙwabta su zo da kayan barka. Ita kuwa ana sa ran ta nuna kunya, ta yi kamar ba ta san da zancen ba, irin kunyar da za ta hana ta kiran sunan ɗan farin nan gaba. Harshen kansa ya bi wannan kunya. Muna cewa mai juna biyu, muna cewa ta yi nauyi, watanta ya tsaya, ta sauka, muna addu'ar Allah ya raba lafiya, duk don kauce wa ambaton abin kai tsaye. Akwai kuma masu camfa sayen kayan jariri kafin ya zo, suna ganin kamar cinikin biri a sama ne. Wannan camfi ne, saƙa hula ba ta ƙara wa ciki komai, ba ta kuma rage masa.

Saboda haka ina ganin surukarki ba da saƙar take faɗa ba, da bayyana ta take. Matan da ma sun yi tanadi, sai dai a ƙasan adaka suke ajiye shi, ba a shanya a tsakar gida. Ki ci gaba da aikinki a ɗakinki, ki bar wa iyaye zanen goyo da majanyi su kawo, tun da rabonsu ne.

Ta ƙarshe gajera ce. Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya ko "zanen suna" yana nufin zanen da mai jego take ɗaurawa ranar suna, da kuma asalin kalmar majanyi.

A'a, ba tufa ba ce. Zanen da ake ɗaurawa gajeren wasali ne da shi a gaɓar farko, jam'insa zannuwa, kuma shi ne na cikin "zanen aro ba ya rufe katara". Na zanen suna dogon wasali ne, daga fi'ilin zana, kamar yadda ake cewa an zana wa yaro suna ko an raɗa masa. Tufafin da mai jego take sawa ran nan kayan fitar suna ne. Majanyi kuwa, wanda wasu ke ce wa majayi, yana da sigar sunayen kayan aiki masu farawa da "ma" su ƙare da "i", irin mabuɗi da magirbi da mazari, kuma tushensa yana komawa ga ja da janye. Shi ne ɗan ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaurawa a kan zanen goyo, a ja shi a tamke a ƙirji don ya tallafe mazaunin yaro kada ya zame. A da mata ne suke saƙa shi a masaƙarsu ta tsaye, yau kuwa a gidaje da yawa tawul ne yake yin aikinsa, amma sunan bai canja ba.